Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnatin Jihar Bauchi Kan Dokokin Dajin Yankari Da Halin Maƙwabtansa

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Bauchi, da Majalisar Dokokin Jiha, da shugabannin Gandun Dajin Yankari.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranku ya daɗe, muna gaisuwa da fatan alheri. Allah ya taya ku riƙon amanar jama'a.

Masu wannan takarda wasu ne daga cikin maƙwabtan dajin Yankari a ƙasashen Duguri da Pali da Gwana, cikin ƙaramar hukumar Alkaleri. A cikinmu akwai manoma da makiyaya da masu kiwon zuma, akwai mafarautan da suka rataye bindiga, akwai kuma waɗanda suka taɓa aikin gadin dajin. Dalilin rubutun shi ne kaka ta ƙarato. Dawa ta fara nuna, wato lokacin da giwa ke fitowa gona ya yi. Bayansa rani zai shigo, shanu su matso neman ruwa, wuta kuma ta fara tashi. Kowace shekara haka abin yake zuwa, kuma kowace shekara ya kan tarar da mutumin ƙauye bai san iyakar dajin daidai ba, bai san hukuncin laifi ba sai an kama shi, bai san ƙofar da zai buga ba idan shi aka yi wa ɓarna.

Mu masu son wannan daji ne, kuma muna so a fara jin wannan kafin koke. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa masu ziyara a watan Disamba na 1962. Ya koma hannun Gwamnatin Tarayya a 1991, sannan ya dawo hannun jiha a 2006. Faɗinsa murabba'in kilomita 2,244. A nan ne ɗaya daga cikin manyan garkunan giwa da suka rage a Najeriya yake, kuma daga nan sai Kainji ake da tabbacin sauran zaki a ƙasar. Ƙidayar da aka yi ta jirgin sama a 2006 ta sami giwaye kusan 350, amma ƙiyasin 'yan shekarun nan yana tsakanin 100 da 150. Giwa tana ɗaukar ciki wata 22, kuma sai bayan shekara huɗu ko biyar take sake haihuwa. Duk uwa ɗaya da aka harbe don haure, an yi asarar da shekara goma ba za ta mayar ba. Don haka hana farauta da kiwo da sare itace da cinna wuta a cikin gandun daidai ne, kuma muna goyon baya. Kokenmu yana kan yadda dokar ke isa ga mutane, da kuma wanda ke ɗaukar nauyinta shi kaɗai.

Mu fara da iyaka. Yankari ba shi da shinge, kuma ba ma neman a yi masa, domin kewayensa ya kai kilomita 200 ko kusa da haka, giwa kuma ba ta jin waya. Amma a wurare da dama babu abin da zai nuna wa yaro mai kora shanu cewa ya tsallaka. Dattawa kan ce iyaka tana wajen wancan marke, ko bakin wancan kwari. Marke ya faɗi, kwari ya sauya hanya, dattijon ya rasu. Abin da ke biyo baya iri biyu ne. Mai gaskiya yana faɗawa hannu bai san ya yi laifi ba. Mai wayo kuma kowace damina sai ya ƙara kunya biyar ko goma cikin daji, in an yi magana ya ce gonar kakansa ce, kuma babu turken da zai ƙaryata shi. A lissafinmu, idan aka kafa turken siminti kowace mita 500, turke 400 ne zai kewaye dajin. A yi masa tsawon da zai fi ciyawar damina, a shafa fenti mai haske, a rubuta lamba a jikinsa, a ɗauki wurinsa da na'urar GPS don in an tuge shi a san inda za a mayar. Tsakanin turke da turke a share hanya mai faɗin mita 6 zuwa 10. Hanyar nan aiki uku za ta yi: ta nuna iyaka, ta tare wuta, ta ba masu sintiri wurin bi da babur. Amma kada a kafa turke ko ɗaya sai a gaban mai unguwa da arɗo da masu gonakin da ke wurin, kowa ya sa hannu. Turken da aka kafa ba da sanin mutane ba, kafin wata ya zagayo an tuge shi.

Sai ita dokar kanta. Tushen dokokin namun daji na jihohin Arewa shi ne dokar da Gwamnatin Jihar Arewa ta yi a 1963, da gyare-gyaren da suka biyo baya. An rubuta su da Turanci, a zamanin da kuɗi ke da wata daraja daban. Tarar da ba ta kai kuɗin cinyar gwanki a kasuwa ba ba za ta hana kowa komawa daji ba, sai dai ya sa ta cikin lissafin jari. A gefe guda kuma, tunda talaka bai taɓa ganin dokar a rubuce ba, duk adadin da aka faɗa masa a bakin daji shi ne doka. Wannan yana cutar da shi, yana kuma ɓata sunan ma'aikaci mai gaskiya. Matar da ta tsallaka turke tsintar ƙwaran kaɗanya, da wanda ya shigo da injin yankan itace yana kayar da madobiya, da wanda ya kwana uku yana bin sawun giwa da bindiga, bai kamata a auna su da mudu ɗaya ba. Madobiya ma tun 2017 tana cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin namun daji da itatuwa tsakanin ƙasashen duniya, ta sa wa takunkumin fitarwa waje, saboda yadda aka yi mata ƙarƙaf a Afirka ta Yamma, har da Taraba da maƙwabta. Mai wannan sana'a ba yunwa ce ta kawo shi ba.

Haka batun naman daji. Yawanci wanda ake kamawa shi ne yaron da ya ɗana zargen wayar birkin babur a hanyar ruwa. Zargen nan mugun abu ne, domin ba ya zaɓe: an ɗana wa mazo ko gada, sai ya kama ƙafar ɗan ɓauna ko hancin ɗan giwa, dabba ta tafi da waya a jiki tana ruɓewa. A hukunta mai ɗana shi. Amma wanda ya ba shi kuɗin harsashi da garin tafiya, ya jira shi da buhu don kwasar banda zuwa kasuwar birni, yana zaune lafiya. Muddin dillali yana nan, in an ɗaure yaro ɗaya gobe zai ɗauki wani.

Ranku ya daɗe, inda ciwon ya fi zafi shi ne ɓarnar giwa, kuma a nan za mu ɗan daɗe.

Babbar giwa tana cin kilo 100 zuwa 150 na abinci a rana. Garke ba ya shiga gona da rana. Yana jira sai dare ya raba, kuma abin da yake tattakewa ya fi abin da yake ci. Kadada ɗaya ta masara ko dawa da mutum ya yi wata huɗu yana wahala a kanta, da bashin taki a wuyansa, kafin asuba ta zama fili. Da gari ya waye mai gonar ba shi da takardar da zai cika, ba shi da ranar da aka ce za a zo a duba, ba shi da alkawarin ko mudu ɗaya. Shi doka ta hana shi taɓa giwa, ita giwa ba abin da ya hana ta taɓa abincin 'ya'yansa. Mutumin da ke cikin wannan hali, ranar da baƙo mai bindiga ya tambaye shi inda garke yake kwana, me kuke zaton zai ce?

Mun san ana ƙoƙari. Tun yarjejeniyar da jiha ta ƙulla a 2014 da WCS, ƙungiyar kare namun daji, sintiri ya inganta, an sa wa wasu giwaye abin wuya mai nuna inda suke ta tauraron ɗan'adam, an kuma ɗauki masu lura da giwa a wasu ƙauyuka. Kisan giwa ya ragu ƙwarai, kuma muna yabawa. Sai dai labarin inda garke ya nufa ba shi da amfani in ya tsaya a kwamfutar ofis. Idan abin wuya ya nuna garke ya doshi bakin iyaka da la'asar, kafin magariba ya kamata wayar mai unguwa da ta masu gonakin gefen ta yi ƙara. Awa uku sun isa mutane su haɗu, su hau bene, su kunna wuta.

Hanyoyin kare gona sanannu ne kuma ba su da tsada, matsalar ita ce ana yin su rabi da rabi. Shingen barkono: a kafa sanduna kewaye da gona, a ja igiya layi biyu, a ɗaura tsummoki tsakanin sanduna, a kwaɓa garin barkono mai zafi kimanin kilo biyu da rabi da lita 10 na baƙin mai, a shafe igiya da tsummokin. Wannan ya kan ishi gona mai eka ɗaya. Inda ake faɗuwa shi ne sabuntawa. Bayan mako uku, ko bayan ruwa mai ƙarfi, yajin ya tafi, giwa ta gwada ta ga babu komai, daga nan ta daina tsoron igiya gaba ɗaya. Akwai kuma tubalin barkono: a cuɗa kashin shanu ko na giwa da garin barkono, a busar, a ɗora garwashi a kai da dare. Yana cin wuta a hankali yana hayaƙi, amma sai an ajiye shi ta inda iska za ta kai hayaƙin wajen daji. In aka kuskure iska, masu gadin ne za su tsere.

Shingen amya an gwada shi a Kenya ya yi aiki, domin giwa tana gudun ƙudan zuma. Ana rataye amya tsakanin turaku biyu kowace mita 10, a yi mata rumfar ciyawa, a haɗa amya da amya da waya guda. Giwa na taɓa wayar sai amyoyin su girgiza, ƙudan ya fito. Manomi kuma ya sami zuman sayarwa. Amma amyar da babu ƙuda a ciki itace ne kawai. Ƙuda yana ƙaura da rani in babu ruwa kusa, don haka sai an ajiye masa kasko da ruwa da tsakuwa a ciki. Gara tana cin turaku, cinnaka da dage suna shiga amya, feshin maganin ƙwari a gonar wake kuma yana kashe ƙudan. Kuma in mutum ɗaya ya kare gonarsa, maƙwabcinsa ya tura wa garken. Dole a yi aikin a jere, duk gonakin da ke fuskantar daji a lokaci guda. Wannan ya fi ƙarfin manomi ɗaya, shi ya sa muke kawo shi gabanku.

Kan diyya, mun san abin da ake tsoro: in aka buɗe ƙofa, har wanda akuyar maƙwabci ta ci masa wake zai ce giwa ce. Maganin wannan shi ne tsari. A kai rahoto cikin awa 24. Cikin kwana uku mutum uku su je: ma'aikacin gandu, malamin gona, da wakilin dagaci. Sawun giwa da kashinta ba sa ɓuya. A auna tsawo da faɗin inda aka ɓata, a ɗauki hoto mai kwanan wata, a ƙiyasta buhu nawa wurin zai bayar bisa amfanin gonakin da ke kusa. A biya da hatsi ko iri da taki in kuɗi zai jawo rigima, kuma a biya kafin damina ta gaba. Wanda ya yi noma a cikin iyakar gandu ba shi da haƙƙin komai. Ƙasar Kenya ta sa diyyar ɓarnar namun daji cikin dokarta ta 2013. Uganda kuwa tana mayar wa garuruwan da ke kewaye da gandu kashi 20 cikin 100 na kuɗin shiga ƙofa. Kusa da mu ma akwai darasi: a yankin Kure na Jamhuriyar Nijar raƙuman dawa sun ragu zuwa kusan 50 a 1996, amma da aka haɗa kiyaye su da amfanin ƙauyukan da suke yawo a gonakinsu, sai suka haura 600.

Batun shanu kuma. Makiyayi ba ya shiga Yankari don sha'awa. Ƙudan tsando yana nan, sammore yana kama shanu, zaki da kura suna nan, ga kamu. Abin da ke kai shi shi ne daga Fabrairu zuwa Mayu ruwa da ɗanyar ciyawa sun ƙare a waje, kogin Gaji kuwa ba ya ƙafewa. Burtalin da dokar makiyaya ta 1965 ta tanada, da yawa gonaki sun cinye su. Duk da haka illar shigar shanu babba ce, kuma makiyayan cikinmu sun yarda da wannan. Shanu suna korar ɓauna da gwanki da kanki daga mashaya a lokacin da su ma ba su da wani ruwan. Ana sassabe rassan kawo da madobiya da maɗaci don ba shanu ganye, har itacen ya mutu a tsaye. Cuta tana ratsawa ta kowane ɓangare: lokacin annobar cutar shanu ta bushiya a 1983 an tsinci gawar ɓauna sama da 200 a Yankari. An kawar da bushiya daga duniya a 2011, amma boru da ciwon huhu suna nan. Mafi muni shi ne ramuwa. Zaki ya kashe saniya, mai ita ya barbaɗa maganin ƙwari a mushen, washegari zaki da kura da ungulu duk a kwance. Da ɗan zakin da ya rage, mushe guda mai guba zai iya gamawa da su.

Kamu kaɗai bai taɓa warware wannan ba. A haƙa rijiyoyin burtsatse masu aiki da hasken rana da kwamin shayarwa, nesa da iyaka da aƙalla kilomita biyar. In aka haƙa su a bakin daji an kira shanu ne. A buɗe burtalin da zai zagaye gandun, a kafa masa turaku shi ma. Idan kuma aka kama shanu a ciki, a ƙirga su a gaban shaida, a rubuta, a ba mai su kwafi, a tsare su inda akwai ruwa da abinci, a kai magana gaban alƙali cikin kwana biyu. Saniyar da ta mutu da ƙishi a tsare tana haifar da gabar da masu sintiri za su biya a daji. Sau da yawa kuma yaro ne ɗan shekara 12 ke tare da garken, mai dukiyar yana gari. Shi ya kamata a kira.

Wuta ba sai mun tsawaita ba. Ƙunar farko, daga Nuwamba zuwa farkon Disamba, lokacin da gamba ke da sauran danshi, in aka yi ta da yamma yanki-yanki, tana tafiya a hankali ta mutu da raɓar dare. Wutar Fabrairu da Maris, da iskar hunturu a bayanta, tana cinye ƙananan itatuwa da amyoyi, wani lokaci har rumbunan ƙauye. A sanar da ƙauyuka ranakun ƙunar farko, a bar su su yanki shuci da gambar zana a gefen iyaka kafin ranar, da takardar izini mai suna da kwanaki. Ciyawar da wuta za ta ci gobe, babu hikima a kama wanda ya yanke ta yau don rufin ɗaki.

Su kansu masu gadin dajin 'ya'yanmu ne. Suna kwana bakwai a daji da ƙafa, suna fuskantar masu bindigar da ta fi tasu, kuma an rasa rayukan wasunsu a bakin aiki. Ma'aikacin da alawus ɗinsa ya makara, takalminsa ya yage, ya kuma san in ya mutu iyalinsa ba su da kowa, an jefa shi cikin jarrabawa. Kun kuma fi mu sanin abin da ya faru da Sambisa da Kamuku, waɗanda su ma dazuzzukan namun daji ne kafin ƙafar hukuma ta ɗauke daga cikinsu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Sintirin Yankari tsaron garuruwan Alkaleri ne baki ɗaya.

Don haka, ranku ya daɗe, ga abin da muke roƙo.

Muna roƙon Majalisa ta sabunta dokar namun daji ta jiha. Ta rarraba laifuka hawa-hawa, ta ɗaga hukuncin masu haure da masu injin yankan itace da dillalan banda, ta sassauta wa mai ƙaramin laifi na farko, ta kuma sa tsarin diyya da kason garuruwan maƙwabta daga kuɗin ƙofar Mainamaji, wato babbar ƙofar shiga gandun, a cikin dokar kanta, yadda sauyin gwamnati ba zai share su ba. Kafin a zartar, a zo Alkaleri a saurari jama'a.

Muna roƙon a fassara dokar zuwa Hausa da Fulatanci a shafi biyu kacal: abin da aka hana, abin da aka yarda da izini, da hukuncin kowanne. A manna ta a ƙofar kowane dagaci da kasuwannin yankin, a karanta ta a gidan rediyon jiha kafin rani. Kada a karɓi ko naira ɗaya daga hannun kowa sai da rasit na gwamnati, kuma a kafa kotun tafi-da-gidanka da za ta riƙa zama a yankin daga Janairu zuwa Mayu.

Muna roƙon Mai Girma Gwamna ya ba da umarnin fara aikin turakun iyaka a wannan rani, a soma da ɓangarorin da aka fi samun saɓani. Shirin ACReSAL na Bankin Duniya, wanda Bauchi ke ciki, an yi shi ne domin irin wannan aiki na farfaɗo da ƙasa da ruwa, don haka turaku da rijiyoyi da amyoyi za su iya shiga ciki. Duk wani aikin haƙar ma'adinai ko na mai da zai matso kusa da gandun, musamman tunda aka ƙaddamar da aikin haƙar mai na Kolmani a 2022, a bi dokar tantance illar muhalli ta 1992, a kuma karanta wa jama'ar wurin sakamakon da harshensu.

Daga shugabannin gandun kuma muna roƙon lambar waya guda da za a ɗauka dare da rana, da zama da hakimai da arɗo-arɗo da sarakunan baka da wakilan mata sau biyu a shekara, ɗaya kafin girbi, ɗaya kafin rani. Barkono da baƙin mai da igiya na ƙauyukan da ke fuskantar daji, muna roƙon su iso kafin dawa ta bushe a kai. A shirye muke mu ba da sunayen gonakin da ke layin gaba da matasan da za su yi aikin, duk ranar da aka aiko.

Allah ya ja zamaninku, ya ba mu damina mai albarka da rani lafiya.

Wassalam.

Daga wasu maƙwabtan Gandun Dajin Yankari, ƙasashen Duguri, Pali da Gwana.